Canjin Inji Da Giyar Hannu: Inda Kuɗin Masu Motoci Ke Zurarewa A Maiduguri

Maiduguri — A wayewar garin Talata, 10 ga Satumba, 2024, bayan da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwan kogin Ngadda ya malalo cikin birnin Maiduguri, ya shanye unguwanni irin su Gwange da Gamboru, ya kai har babbar kasuwar Monday Market da harabar fadar Shehun Borno. Rabon da birnin ya ga ambaliya irin wannan tun shekarar 1994. Asarar rayuka da ta muhalli aka fara ƙirgawa, kamar yadda ya kamata. Amma da ruwa ya janye sai wata asarar ta bayyana a garejin kanikawa, wato motocin haya da na ɗaukar kaya waɗanda suka kwana cikin ruwa, masu su kuma suka yi gaggawar murza makulli don su ji ko akwai sauran rai.

Ruwa ba ya matsuwa yadda iska ke matsuwa. Idan ya shiga silinda aka kuma tilasta wa fistin ya hau, sandar da ke riƙe da fistin ɗin ce za ta lanƙwashe, wani lokaci ma ta karye ta huda jikin inji. Giya ma ba ta tsira ba, domin tana da 'yar kafar shan iska a samanta, wadda ruwa ke bi ya gauraya da man giya. Daga nan mai mota na da zaɓi biyu: ko a kwance inji a sake ɗaura shi, ko a sayo na hannu, wanda ake kira tokumbo ko Beljiyam, a ɗora. Wanda motarsa ke ciyar da gida yakan karkata ga na biyu saboda sauri.

Ambaliya dai dalili ɗaya ce. Ko babu ita, tsufan mota da nauyin lodi da yashin hanyoyin Baga da Dikwa da zafin watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, sun isa su kai mota gareji. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fahimta kafin ya cire kuɗi shi ne, sunan mota ba ya tabbatar da cewa kayanta za su shiga juna. Kuɗin da ke salwanta wajen canjin inji ba safai yake tafiya a kan injin kansa ba. Yana tafiya ne a kan ƙananan kayan da ke tsakanin inji da giya, da kuma kwanakin da mota ke yi a ɗage bisa jak ba ta kawo komai.

Tsofaffin masu motoci za su iya tuna lokacin da wannan magana ba ta da wuya. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma shekara da shekaru 504 ce ke mulkin hanyoyin Arewa, da injinta na fetur mai cc 1,971 da giyarta mai lamba BA7 ta gaba huɗu. Iyali ɗaya ne, kowane bakanike ya san shi da ido, kayansa kuma suna ko'ina. Ko a wancan zamani, wanda ya so ya cire injin fetur ya ɗora na gas samfurin Indenor sai ya nemi wasu kayan daban, amma bambancin sananne ne. Al'amura sun sauya bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin matsakaicin ɗan kasuwa, tsofaffin motocin Turai kuma suka riƙa kwararowa ta tashoshin jiragen ruwa na Legas da Kwatano. Tun daga nan kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas da Nkwo a Nnewi da Ƙofar Ruwa a Kano suka zama rumbun injuna iri-iri, waɗanda aka ƙera domin ƙasashe daban-daban da dokoki daban-daban.

Maiduguri tana ƙarshen wannan doguwar hanya. Injin da aka ɗauko daga Legas zai yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 kafin ya iso. Mai mota a Mushin idan ya ga inji bai shiga ba, a wunin nan zai mayar da shi Ladipo. Mai mota a Maiduguri kuwa zai biya dako sau biyu, idan ma an yarda a karɓa. Ga shi kuma kayan duk na Dala ne: farashin Dalar Amurka a hukumance yana kusa da N460 a watan Mayu na 2023, amma ya haura N1,500 a watan Fabrairu na 2024. Kuskuren da a da ake yi wa dariya a gareji, yanzu yana iya cinye ribar wata da watanni.

Daga bakin inji zuwa bakin giya

Wurin farko da ake dubawa shi ne inda inji da giya ke haɗuwa. Gaban giya yana da wani ƙarfe mai faɗin baki kamar ƙwarya, wanda ke rufe fulawil da kuloci, kuma ta ramukan da ke gefensa ake ɗaure giya a jikin inji. Tsarin waɗannan ramuka na iyalin inji ne, ba na sunan mota ba. Volkswagen Golf, wadda ta zama jakin hanyoyin Borno da Yobe, ita ce misali mafi kyau.

A ƙirar Golf 3, wadda aka fara a 1991, akwai injuna biyu da duk ake kira 1.6. Na farko, mai lambobi irin su ABU da AEE, yana da cc 1,598 da ƙarfin doki 75, kuma ɗan iyalin ƙananan injunan kamfanin ne, dangin na 1.4. Shi wannan yana tafiya da giyar da ake kira 085. Na biyu, mai lambobi irin su AEK da AFT, yana da cc 1,595 da ƙarfin doki kusan 100, kuma ɗan babban iyali ne, dangin na 1.8 da na 2.0, waɗanda mafi yawansu ke tafiya da giyar 020. Bambancin cc uku kacal ne a takarda, amma ƙwaryar giyar ɗaya ba ta hawa injin ɗayan. Ɗan kasuwar da ya aika wa dillali saƙo cewa yana son “injin Golf 3, 1.6” bai ce komai ba tukuna, kuma dillalin da ya aiko masa da kowanne cikin biyun bai yi ƙarya ba. Haka nan injin VR6 mai silinda shida yana da nasa tsarin ramukan, ba ya karɓar giyar masu silinda huɗu.

Idan ramuka biyu ko uku suka yi daidai, saura suka ƙi, akwai bakaniken da zai ce a bar masa, ya faɗaɗa rami da injin huji ko ya kai wa mai walda. Nan ne babban haɗari. Ba notuna ne ke daidaita tsakiyar giya da tsakiyar inji ba. Aikin wasu gajerun ƙarafa ne guda biyu masu kama da turaku, da ke zaune a bayan inji suna shiga jikin ƙwaryar giya. Karkatar da masana ke yarda da ita a wannan wuri ba ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na milimita ba, abin da ido ba ya gani. Injin tokumbo sau da yawa yakan iso babu waɗannan turaku, domin sun maƙale a jikin tsohuwar giyarsa can inda aka yanka motar. Mota za ta tashi ba tare da su ba, za ta ma yi tafiya. Sai bayan makonni ne giya za ta fara ƙin shiga, boris ɗin sandar giya ya fara kuka, tsakiyar faifan kuloci ta tsage. A lokacin an riga an manta da ranar da aka ɗora inji, sai a ɗora laifin a kan ƙafar direba.

Bayan ƙwarya sai fulawil da kuloci da kik. Ƙa'idar da ta kamata mai mota ya haddace gajera ce: fulawil na bin inji ta wajen notunan da ke ɗaure shi a karanshaf, faifan kuloci na bin fulawil wajen faɗi, amma tsakiyarsa tana bin giya, kik kuwa dole haƙoransa su yi daidai da na zoben fulawil, mazauninsa kuma ya yi daidai da inda aka tanadar masa. Abu ɗaya kenan yake da iyayengiji biyu, kuma nan ake samun rikici.

A giyar 020 ana samun kuloci mai faɗin milimita 190 da 200 da 210. Sandar giyar da ke shiga tsakiyar faifan kuma iri biyu ce, mai haƙora 24 da mai haƙora 28, ta biyun tana zuwa ne da manyan injuna irin na 2.0 da mai bawul 16. Saboda haka faifai biyu na iya zama faɗi ɗaya, a kwali ɗaya mai sunan Golf, ɗaya ya shiga ɗaya ya ƙi. Wani abin mamaki game da wannan giya shi ne, tsarin kulocinta a juye yake: murfin kuloci ne ake ɗaurewa a karanshaf, sa'annan a ɗaure fulawil a kansa, wata siririyar sanda kuma ta ratsa ta cikin giya ta tura shi. Giyar 02A, wadda ke zuwa da Passat da Golf mai injin TDI, tana da tsarin da aka saba gani, da kuloci mai milimita 228 wanda ke aiki da mai, ba da kebul ba, kuma da kebul ake canja giyarta, ba da sanda ba. Ƙwaryarta na iya hawa injin silinda huɗu na babban iyali lafiya lau. Amma wanda ya saye ta don ya maye gurbin 020 ya sani cewa ya sayi fulawil da kuloci da kik da famfon kuloci da feda da akwatin sandar giya da mazaunin giya, ko da ba a faɗa masa ba. Dillali ya ce masa “tana shiga”, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai rabin gaskiyar.

Har alamar saitin wuta a jikin fulawil take a waɗannan injuna, ana leƙa ta ta wata kafa da ke saman giya. Idan aka ɗora fulawil na wani inji, bakanike zai saita wuta a kan alamar da ba ta injin ba, mota ta riƙa shan mai tana zafi, ba wanda ya san dalili.

Giyar da ta shiga amma ba ta dace ba

Akwai kuskuren da ya fi waɗancan tsada, domin shi ba ya hana mota tafiya, saboda haka ba a gano shi. Giyoyi biyu na iya zama iri ɗaya a waje, amma haƙoran cikinsu su bambanta. Kowace giya tana da adadin juyin da inji zai yi kafin taya ta juya sau ɗaya, kuma kamfani yana zaɓar wannan adadi ne gwargwadon halin injin da nauyin motar.

Lissafin ba shi da wuya. Taya mai lamba 175/70 R13 tana cin kimanin mita 1.8 a juyi ɗaya, don haka a gudun kilomita 100 cikin sa'a tana juyawa kusan sau 920 a minti. A ɗauki giyoyi biyu na 020, kowace da rabon ƙarshe na 3.67. A ɗaya giya ta biyar 0.75 ce, a ɗayar 0.91. Ta farko za ta sa inji ya yi juyi wajen 2,540 a minti, ta biyu wajen 3,080. Bambancin juyi 540 ne a kowane minti. A tafiyar sa'a shida tsakanin Maiduguri da Kano, ta Damaturu da Potiskum, injin ya yi ƙarin juyi kusan 200,000 waɗanda ba su ƙara masa ko taku ɗaya ba, kuma kowane juyi da fetur ake yin sa. Direba zai ce motar “tana da wuta”, domin tana saurin tashi. Mai mota kuwa zai ga balas na raguwa, ya fara zargin direba da cin kuɗin mai.

Wannan bai nuna cewa doguwar giya ce ta fi a kowane hali ba. Motar da ke shiga ƙauyuka da lodin buhuna cikin yashi tana bukatar gajeriyar giya, in ba haka ba direba zai riƙa riƙe kuloci rabi-rabi don kada inji ya mutu, faifai ya ƙone kafin lokacinsa. Tambayar da ta kamata a yi kafin saye ita ce wace hanya motar ke bi, kuma me take ɗauka.

Maganar ta fi tsanani idan aka sauya daga gas zuwa fetur ko daga fetur zuwa gas. A shekarar 2022 farashin man gas ya ninka fiye da sau biyu, alhali fetur na da tallafi, sai cire injin gas a ɗora na fetur ya zama kamar dabara. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin, kuma a jadawalin da kamfanin NNPC ya fitar bayan kwana biyu, Borno da Yobe ne ke da farashi mafi tsada, N557 kowace lita. Duk wanda ya yi canji a kan lissafin 2022 ya ga lissafin ya rushe cikin shekara guda. Ban da wannan, injin gas yana ba da ƙarfinsa ne a ƙaramin juyi, don haka giyarsa doguwa ce. Injin fetur da aka haɗa da ita zai riƙa nishi da lodi. Tanki da bututun mai da famfo da wayoyi duk sai an taɓa su. Akwai kuma maganar birki, wadda ta shafi rai: injin fetur yana samar wa tukunyar birki iskar zuƙa daga bututun shan iskarsa, shi kuwa na gas sai da wani famfo na musamman. Idan aka ɗora injin gas aka manta da wannan famfo, feda za ta yi tauri kamar dutse, motar da ke cike da fasinja kuma ta ƙi tsayawa inda ake so.

Sauran abubuwan da ke bayan giya ba su da wuyar ganewa, sai dai kowanne kuɗi ne. A Golf, bakin da shaf ke ɗaurewa a jikin giya akwai mai milimita 90 akwai mai 100. Golf 2 da kebul take auna gudu, Golf 3 da na'urar lantarki. A motocin da ke tuƙi da tayoyin baya, giyar da ta fi tsohuwar tsawo ko gajarta na nufin yanke farfela ko ƙara mata, farfelar da aka yi wa walda ba a daidaita nauyinta ba kuwa girgiza za ta riƙa yi har ta cinye boris.

Masu motocin Toyota suna da ɗan sauƙi a wani fanni. A manyan giyoyin kamfanin na jerin W da na jerin R, ƙwarya aba ce da ake kwancewa, saboda haka ana iya riƙe giya a sauya ƙwaryar da ta dace da sabon inji, muddin ta jerin giyar ce, domin ta R ba ta hawa W. Hiace da Hilux kuma sun yi tarayya a injuna da dama, kamar na gas 2L da 3L da 5L, da na fetur 2TR-FE mai cc 2,693. Amma tarayyar a gangar inji take. A Hiace inji yana ƙarƙashin kujera ne, a Hilux yana gaba, kuma mai tuƙi da taya huɗu tana da aksul a ƙarƙashinsa. Don haka kaskon baƙin mai da bututun da ke zuƙo man da mazaunan inji da bututun iska na iya bambanta, haka ma inda sandar giya ke fitowa. Mafitar ita ce a kwashe waɗannan kayan daga tsohon inji a mayar kan sabo. Wannan ya sa sayar da mataccen inji ga masu gwangwan kafin a gama aiki babban ganganci ne. Wasu ma tun ranar da sabo ya iso suke rabuwa da shi don su rage kuɗin dako, sa'annan su koma kasuwa suna sayen abin da suka zubar.

Inda kaya suka fito ma abin lura ne. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu, 1972, wato sitiyarinta na hagu. Kayan da suka fito daga Japan ko Ingila, ciki har da masu yawa daga waɗanda ake tarawa a Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, na motoci ne masu sitiyari a dama. Inji da giya ba ruwansu da wannan, amma fedoji da bututun kuloci da tsawon wayoyi duk a ɗaya gefen aka auna su. Na Amurka kuwa mafi yawansu daga motoci masu giyar otomatik aka ciro su. Irin wannan inji ba shi da fulawil na gaske, sai wani siririn faranti mai zoben haƙora. Dole a nemo fulawil da notunansa, waɗanda sukan fi na farantin tsawo, kuma a motar da ke tuƙi da baya a tabbatar an sa ƙaramin boris ɗin da ke zama a gindin karanshaf yana tallafe kan sandar giya. Abu ne da bai fi girman murfin kwalba ba, amma idan aka manta da shi sai an sake sauke giya.

Zamanin kafireto ya wuce ga mafi yawan injunan da ke shigowa. Injin injekta ba ya tashi sai da na'urar da kanikawa ke kira burenbos, da wayoyinta da na'urorin aunawa da suka dace da ita. Tun tsakiyar shekarun 1990 kuma motocin Turai suka fara zuwa da makullin hana sata, wanda ya zama dole ga sababbin motoci a can a 1998. A irin waɗannan, burenbos da akwatin makulli da ɗan ƙwayar da ke cikin makullin kansa sun san juna. Idan aka kawo ɗaya aka baro biyu, inji zai tashi ya mutu cikin daƙiƙa biyu, ko ya ƙi tashi sam. Injin da aka ciro daga motar otomatik kuma burenbos ɗinsa na iya ci gaba da neman giyar da babu ita. Wannan aikin mai waya ne wanda ya san abin da yake yi, kuma ladansa ya kamata ya shiga lissafi tun farko.

Sai sanyaya inji. Babban inji na bukatar lagireto daidai da shi. Al'adar cire tamostat da sunan cewa “na ƙasar sanyi ne” ba magani ba ce. A injin injekta tana sa burenbos ya ɗauka inji bai yi ɗumi ba, ya riƙa ƙara mai.

Abin da ake rubutawa a rasit

Duk wannan bayani yana komawa ga 'yan haruffa da lambobi. Volkswagen tana manna takarda a but, kusa da mazaunin tayar safaya, mai ɗauke da lambar inji da ta giya. Toyota tana buga nata a wani ɗan allo a jikin mota, inda aka nuna samfurin inji da na giya da na aksul. Sai dai motar da ta shekara goma tana haya a Borno mai yiwuwa an riga an sauya mata inji sau ɗaya ko sau biyu, don haka takardar na faɗin abin da kamfani ya sa ne, ba abin da ke ciki yau ba. Lambar da aka sassaƙa a jikin inji da jikin giya ita ce shaida. A goge ta, a ɗauki hotonta da waya, a ɗauki hoton bayan inji da bakin giya, a ƙirga haƙoran sanda, a aika wa dillali kafin a tura kuɗi.

Hanya mafi aminci, ko da ta fi tsada a ranar saye, ita ce a sayi inji da giyarsa a haɗe kamar yadda suka fito daga mota ɗaya, tare da kik da burenbos da wayoyi da makulli, ko ma rabin motar gaba ɗaya. A ƙaddara, don misali kawai, motar haya na kawo balas ɗin N15,000 a rana. Idan neman faifai da fulawil da jiran saƙo daga Kano ya ci kwana goma sha huɗu, an yi asarar N210,000 ban da kuɗin kayan da ladan sauke giya karo na biyu. Da wannan adadi ya kamata a gwada rangwamen da aka samu wajen sayen inji tsirara.

Garantin 'yan kwanaki da dillalai kan bayar yana da nasa tarkon. Idan daga ranar biyan kuɗi ake ƙirga shi, to hanya da neman ƙananan kaya za su cinye shi kafin a murza makulli. Mai saye daga nesa ya nemi a rubuta cewa ƙirga na farawa daga ranar da kaya suka iso, a kuma fayyace wanda zai biya dakon mayarwa.

Mafi muhimmanci, injin da ke da lafiya amma bai shiga mota ba, ba mai aibi ba ne. A fiƙihun Malikiyya, wanda 'yan kasuwar Borno suka saba da shi, mai saye na da damar mayar da kaya idan ya tarar da ɓoyayyen aibin da ya riga ciniki, ko kuma idan kayan sun rasa wata siffa da aka sharɗanta. Dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ma ta ba da damar mayar da kayan da ba su dace da bukatar da aka sanar da mai sayarwa ba, cikin lokacin da ya dace. Duka biyun sun rataya ne a kan abin da aka faɗa lokacin ciniki. Rasit ɗin da ya ce “inji ɗaya, Golf” ba zai taimaki kowa ba a gaban shugabannin kasuwa ko a gaban alƙali. Wanda ya ce “inji lamba kaza, domin Golf 3 mai giya lamba kaza, idan bai shiga ba a mayar” ya raba gardama tun ba ta taso ba. Dillali mai gaskiya ma riba ce gare shi, domin yana kare shi daga bakaniken da ya huda ƙwarya ko ya yanke wayoyi sa'annan ya dawo da kaya yana cewa haka aka ba shi.

Bayan ambaliya kuma akwai ƙarin hattara, domin kayan motocin da suka nutse ba ɓacewa suke yi ba, kasuwa suke komawa. Kafin a biya kuɗin giya, a kwance notin zubar da mai a duba: man da ya koma kalar madara ko ya fito da laka ya faɗi tarihinta. A inji, a cire filogi a leƙa tsatsa, a juya karanshaf da hannu a ji ko yana cijewa.

Rasit ɗin yana da wani aikin bayan an gama gyara. Takardun mota na ɗauke da lambar inji da ta shasi, kuma da zarar an sauya inji, takarda da ƙarfe sun saɓa. Wajibi ne mai mota ya kai rasit ofishin lasisi a gyara bayanan, ya kuma sanar da kamfanin inshorarsa, domin canjin da ba a bayyana ba na iya zama hujjar ƙin biyan diyya idan an yi haɗari. A jihar da shingayen bincike suka yi yawa a hanyoyinta, kuma motocinta ke kai kaya bakin iyaka a Gamboru Ngala da Banki, lambar da ba ta dace da takarda ba ta isa ta sa a sauke lodi a tsare mota har sai an kawo shaidar inda aka sayi injin.